Kafin a Fasa Bango: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Matsalar Bututun Ruwa a Tsohon Gida

Yawancin gidajen da aka gina daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, irin su kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Zariya da Kaduna, gidajen Nasarawa GRA a Kano, benayen Sabon Gari da gidajen Shagari, da bututun ƙarfe mai rufin tutiya aka ja musu ruwa, wanda masu gyaran famfo ke kira GI. Irin wannan bututu yakan yi shekara 40 zuwa 50 yana aiki, wani lokaci ƙasa da haka idan ruwan yana cin ƙarfe. Saboda haka da zarar ruwa ya fara wasa a tsohon gida, sai ka ji an ce a cire komai a sa sabo. Wani lokaci hakan ne daidai. Amma sau da yawa ana fasa tayil da bango, a kashe kuɗi masu yawa, sannan a tarar matsalar tana nan, domin tun farko ba a bututun take ba. Ga tambayoyin da masu gidaje suka fi yi, da yadda ake bin diddigin kowace matsala.

Ruwa ya rage ƙarfi a gidana. Ba alamar bututu ya mutu ba ke nan?

Ba lallai ba. Tambayar farko ita ce: a ina ya rage? A zaga gidan, a buɗe kowane famfo shi kaɗai, a rubuta wanda ke zuba sosai da wanda ke tsiyaya.

Idan famfo ɗaya ne ko shawa ɗaya, kusan kullum matsalar a bakinsa take. A kwance 'yar rariyar da ke bakin famfon, za a tarar yashin rijiyar burtsatse ko ɓarɓashin tsatsa ya cika ta. A duba ƙaramin bawul ɗin da ke ƙarƙashin sinki da tiyo mai lanƙwasa da ya haɗa shi da famfon, domin robar cikinsa takan kumbura ta toshe hanya alhali daga waje lafiyarsa ƙalau. Kan shawa kuma a cire shi, a buɗe ruwan ba tare da shi ba. In ruwa ya fito da ƙarfi, kan shawar ne ya toshe.

Idan banɗaki ɗaya ne gaba ɗayansa, ko ɓangare ɗaya na gidan, a nemi bawul ɗin da ke ba wannan layi ruwa. Tsofaffin bawul masu kai kamar sitiyari suna da wata cuta: sandar ciki takan karye, ƙofar ta maƙale a rabi, kana juya kan yana juyawa amma babu abin da ke motsi a ciki. Canja wannan bawul aikin awa ɗaya ne, kuma ya sha maido da ruwan da aka ɗauka bututu ne ya kashe shi.

Sai idan gidan ne duka, kuma raguwar a hankali ta zo cikin shekaru, sannan za a fara zargin bututun kansa. Raguwar da ta zo dare ɗaya ba tsatsa ba ce. Tsatsa ba ta gaggawa. Abin da ke zuwa farat ɗaya shi ne iska da ta shiga layi, ko wani abu da ya faɗa tanki ya toshe mafitarsa, kamar leda, ganye ko mataccen ƙadangare, ko kuma fashewar bututu a ƙarƙashin ƙasa.

Yaya ake auna ƙarfin ruwa ba tare da na'ura ba?

Da bokiti mai cin lita 10 da agogon waya. A kwance haɗin da ya fi kusa da mafitar tanki, a ga daƙiƙa nawa bokitin ke ɗauka kafin ya cika. A maimaita a famfon da ya fi kusa da tanki, sannan na tsakiya, sannan na can ƙarshe. Dole ne a sami ɗan bambanci, domin tsawon bututu da kowace gwiwa suna rage gudu. Abin da ake nema shi ne wurin da lissafin ya faɗi warwas: nan minti ɗaya, mita biyar gaba minti huɗu. Tsakanin waɗannan wurare biyu toshewar take, kuma nan kaɗai ya kamata a buɗe.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lissafawa, wato tsayin tanki. Ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tanki bai dogara da girman tankin ba, ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfo. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da kimanin ba 1 (bar, wato ma'aunin ƙarfin ruwa) a geji. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 2 kacal ba zai ba da abin da ya wuce ba 0.2 ba, ko da an sa masa sabon bututu fil. Wannan ya sa a gidan bene ake samun ruwa mai ƙarfi a ƙasa, na sama kuwa suna ta ƙorafi. Maganin wannan ɗaga tanki ne. Sai dai a tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan, kada a ɗora shi kan tsohon rufin kankare ba tare da injiniyan gini ya duba ba.

To in sa injin ƙara ƙarfin ruwa mana?

Kada a sa shi kafin a gwada bututun. Tsohon GI da ya saba da ba 0.4 na tanki, idan aka tura masa ba 3, duk inda tsatsa ce kaɗai ke riƙe da rami zai buɗe, kuma a cikin bango zai buɗe.

Ta yaya zan san irin bututun da ke cikin bangona?

A nemi inda ya fito fili: bayan banɗaki, ƙarƙashin tanki, cikin silin, ko wajen mitar ruwa. A kankare fenti da wuƙa, a kara maganaɗisu. In ya kama, kuma haɗe-haɗen masu zare ne, GI ne. In bai kama ba kuma launin ja-ja ne, jan ƙarfe ne, wanda aka fi samu a layin ruwan zafi. In bai kama ba, launin toka ne mai duhu, yana da laushi har wuƙa na shiga, kuma inda aka kankare yana ƙyalli kamar azurfa, to dalma ce. Dalma kam babu wani gwaji da za a jira, a cire ta daga layin ruwan sha, domin tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda ta wuce miligiram 0.01 a lita ba.

Kada a yanke hukunci da abin da aka gani a wuri ɗaya. Tsohon gida ya ga hannun masu gyara da yawa: roba a waje, ƙarfe a cikin bango, wani guntun jan ƙarfe a bayan hita. Sau da yawa ma a inda aka haɗa iri biyu ne matsalar ke zama.

A ɓangaren ruwan datti za a iya tarar da baƙin bututun ƙarfen zubi, ko na yumɓu a ƙarƙashin ƙasa, ko na siminti mai asbestos. Wannan na ƙarshe kada a yanka shi da injin gurza, domin ƙurarsa tana jawo ciwon huhu mai kisa bayan shekaru.

Ruwa na fitowa ja da safe. Daga ina?

A tari kofin farko da asuba kafin kowa ya taɓa famfo, sannan a bar ruwa ya zuba minti uku a tari wani. A ɗebo na uku daga cikin tanki, na huɗu kuma kai tsaye daga bakin rijiyar burtsatse ko layin hukumar ruwa. A jera su a kan farar takarda.

In na farko ne kaɗai ja, bututun gidan ne ke tsatsa, ruwan ya kwana a cikinsa ya ɗauko launi. In na tanki ma ja ne amma na rijiya fari, tankin ne, musamman in na ƙarfe ne, ko laka ta taru a gindinsa. In kuwa na rijiyar ya fito garau amma bayan 'yan awoyi a buɗe ya koma ruwan ɗorawa, to ƙarfen a cikin ruwan ƙasa yake, iska ce ta fito da launinsa. Wannan ko an canja bututu sau goma ba zai daina ɓata sinki da fararen kaya ba, sai an sa matata. In ruwan zafi ne kaɗai ja, tukunyar hita ce ta ci.

Yana da kyau a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji. Ma'aunin Najeriya ya sa pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, ƙarfe kuma kada ya wuce miligiram 0.3 a lita. Ruwan da pH ɗinsa ya gaza 6.5 yana cin GI da jan ƙarfe da sauri. Idan kuma abin da ya toshe bututu fari ne mai tauri, a ɗiga masa ruwan lemon tsami. In ya yi kumfa, ƙwanson ruwa mai gartsi ne, ba tsatsa ba.

Tanki yana ƙarewa da wuri amma ba mu ga inda ruwa ke zuba ba.

A cika tanki da dare, a kashe injin, a yi alama a daidai saman ruwan, a roƙi mutanen gida kada kowa ya taɓa famfo har asuba. A tanki mai faɗin mita ɗaya, kowane santimita da ruwa ya sauka kusan lita 8 ke nan. In an wayi gari ya sauka santimita 10, lita 80 sun tafi.

Daren gaba a rufe bawul ɗin mafitar tanki a sake gwadawa. In har yanzu yana sauka, tankin ne ke yoyo, ko kuma ruwa na komawa rijiya ta bututun shigowa saboda bawul mai hana ruwa komawa baya ya lalace. Wannan yakan faru ne inda bakin bututun shigowa ya nutse cikin ruwan tanki. In bai sauka ba, yoyon yana cikin gida, sai a riƙa rufe layi ɗaya-ɗaya kowane dare har a kama mai laifin.

Kafin a zargi bututun cikin ƙasa a fara da masai na zamani, domin shi ne babban ɓarawon ruwa a gida. A zuba 'yar bula a tankinsa, a jira minti 20 ba a ja ruwa ba. In shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, robar ƙasan tankin ta mutu, ruwa na silalewa dare da rana ba ƙara. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa shi ma yana zubar da lita 20 zuwa 30 a rana.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a bi layin ƙasa. A lokacin rani, ciyawar da ta yi kore shar ita kaɗai a tsakar gida alama ce, haka ma wurin da siminti ya lotsa ko gara ta yi yawa. Da tsakar dare, in gari ya yi tsit, a ɗora bakin doguwar sukundireba a kan bututu ko bawul, a kara ƙotar a kunne. Ana jin shuuu ɗin yoyo, kuma yana ƙara ƙarfi in an matso kusa da shi.

Bangon ɗaki ya jiƙe, fenti na ɓarewa. Bututu ne ya fashe a ciki?

Wannan ce tambayar da aka fi yin asara a kanta, domin abubuwa aƙalla huɗu ke jiƙa bango, kuma ɗaya ne kawai bututun ruwa.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana bin gindin bango a tsawonsa, ba ya cika wuce mita ɗaya a tsayi, yana barin layi da farin gishiri, yana tsananta a watan Agusta ya ja baya da hunturu. Wannan matsalar harsashin gini ce da ruwan sama da ke kwanciya a gindin bango. Yoyon bututun da ke ɗauke da ruwa kullum kuwa bai san rani da damina ba, yana farawa daga wuri guda ya bazu ƙasa da gefe, kuma in an rufe layin kwana huɗu ko biyar zai fara bushewa. Yoyon magudana shi kuma yana zuwa ne bayan an yi wanka ko wanke-wanke, sau da yawa da wari.

Na huɗu, wanda ya fi yawa a gidajen bene, shi ne daɓen banɗaki. Simintin da ke tsakanin tayil yakan zube, ko gefen rariyar ƙasa ya buɗe, ruwan wanka ya riƙa ratsawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rufe bawul ɗin banɗakin, a toshe rariya, a zuba ruwa da bokiti har ya kai santimita 2 zuwa 3, a bar shi awa 24. In silin ɗin ƙasa ya jiƙe alhali bututu a rufe yake, an wanke bututu daga zargi. A duba tiyon da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ma, in an binne shi a bango.

Mene ne gwajin matsi, kuma yaushe ake buƙatarsa?

Shi ne yake tabbatar da ko layi yana yoyo ko ba ya yi. Mai gyara zai raba layin da tanki, ya cire hita da masai daga ciki, ya toshe duk bakunan, ya cika da ruwa, ya fitar da iska ta wuri mafi tsayi, sannan ya tura ruwa da famfon hannu mai geji. Ƙa'idar da aka saba ita ce ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da layin zai yi aiki da shi. A riƙe wannan matsi awa ɗaya. In allura ta tsaya, layin lafiya. In tana sauka ba tsayawa, akwai rami. A yi shi layi-layi, domin in aka gwada gidan duka lokaci ɗaya, abin da za a sani kawai shi ne akwai yoyo a wani wuri, wanda dama an sani.

Famfo yana tari yana fesa iska, wani lokaci kuma bututu na bugawa kamar ana dukansa da guduma.

Tarin iska ce, tana shiga duk lokacin da tanki ya ƙare, ta maƙale a inda bututu ya yi doro. Ana korar ta ta hanyar tura ruwa mai ƙarfi da tiyo daga famfon ƙasa zuwa sama har ya fito a tanki. In abin na yawan dawowa, a gyara doron ko a sa bututun numfashi kusa da mafitar tanki. Bugun kuma yana faruwa ne in an tsayar da ruwa mai gudu farat ɗaya, ko injin ya mutu ruwa ya dawo da baya. A ɗaure bututun da ke lilo, a duba bawul mai hana komawa.

Banɗaki na wari, ruwa kuma ba ya wucewa da sauri.

A fara da tarko, wato lanƙwasar da ke riƙe ruwa kimanin santimita 5 a ƙarƙashin sinki da rariya don tare wari. A banɗakin baƙi da ba a shiga, hunturu kan busar da shi. A zuba ruwa kofi biyu, in warin ya tafi shi ke nan. In kuma ana jin ƙululu a sinki duk lokacin da aka ja masai, bututun numfashin da ya haura rufi ne ya toshe, galibi da sheƙar tsuntsu.

Don gano inda magudana ta toshe, a buɗe murafun ramukan dubawa da ke bin layin zuwa sokawe. In na sama cike yake na ƙasa babu ruwa, toshewar tana tsakaninsu. In sandar sharewa ta fito da farin saiwa, to darbejiya ko mangwaron da ke kusa ya shiga ta mahaɗar bututun yumɓu. In ta fito da jar ƙasa, bututun ya rushe a wurin, sai tono. Inda ake sharewa yau ya sake toshewa bayan wata biyu, a auna gangara da igiya da ma'aunin ruwa. Bututu mai inci 4 yana son saukar kimanin santimita 2.5 a kowane mita, kuma ƙasa takan zauna ta bar shi da ciki inda ƙazanta ke kwanciya.

In duk ramukan cike suke har na ƙarshe, bututu ba shi da laifi, ramin masai ne ko sokawe ya cika. A naɗe farin tsumma a doguwar sanda a zura har ƙasa. In baƙar laka ta kai sulusin zurfin ruwan, a kira motar kwashewa. Kada kowa ya shiga ramin ko ya zura kansa ciki. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma wanda ya shiga ceto shi ma yakan faɗi.

To yaushe ne za a yarda cewa bututun ya gama aiki?

In an gani da ido. A zaɓi wuri biyu ko uku, musamman layin da ke kwance, layin ruwan zafi, da kusa da gwiwa, a yanko guntu kamar santimita 30, a ɗaga shi ga hasken rana. Bututu mai rabin inci ramin cikinsa kimanin milimita 16 ne. In ƙurajen tsatsa sun cinye shi har fensir ba ya wucewa, ya gama. A duba zaren haɗi, domin nan ne ƙarfen ya fi siranta kuma nan aka kankare tutiyar tun ranar da aka yanka zaren. In yana marmashewa a bakin sifana, ko ana ganin ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa a bayan bututun, waɗanda ramuka ne da tsatsa ta liƙe, ko an yi faci uku a layi ɗaya cikin shekara, ci gaba da faci zubar da kuɗi ne. A nan shawararmu a canja layin daga farkonsa har ƙarshensa. Kada kuma a yarda a zuba asid don buɗe shi, zai cinye abin da ya saura na ƙarfen.

Gidajen da ruwan hukuma ke zuwa musu yau ya ɗauke kwana uku sun fi saurin kaiwa wannan matsayi, domin bututun da ke cika yana bushewa yana shan iska, iska kuwa ita ke ciyar da tsatsa. Sannan in layi ya ratsa kwata yana da rami, lokacin da ruwa ya ɗauke yakan zuƙo ruwan kwatar ciki. Irin wannan layi shi za a fara canjawa kafin kowane.

Za a iya canja wani ɓangare a bar wani?

Ana iyawa, in gwaji ya nuna sauran na da rai. Ba kuma dole ne a fasa bango ba: ana iya toshe tsohon layi a bar shi a ciki, a bi da sabo ta bayan gini a huda a shigo daidai kowane famfo, a lulluɓe shi ko a shafa masa fenti don rana tana gasa roba har ta yi ƙwaras. Kada a haɗa jan ƙarfe da GI kai tsaye, domin GI ɗin zai ci da sauri a mahaɗar. A sa mahaɗin roba a tsakani.

A kula da girma. Bututun PPR, wato na roba da ake haɗawa da injin narkawa, mai milimita 20 mai kaurin bango ramin cikinsa bai wuce milimita 13 da ɗoriya ba, wato ya fi tsohon rabin inci ƙunci. Ga gidan da tanki ke ciyarwa, a sauko da mai milimita 32 ko fiye, a rarraba da mai 25. Wajen narka shi kuma, injin na kan digiri 260, mai 20 daƙiƙa 5, mai 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8. In aka daɗe ko aka danna da ƙarfi, robar takan narke ta rufe ramin daga ciki, sai a sami sabon bututu mai toshewa irin ta tsohon. Bututun roba na PVC da ake haɗawa da gam ba na ruwan zafi ba ne. Kuma a yi gwajin matsi kafin a shafe bango da siminti.

Famfon banɗaki yana ɗan jan mutum da lantarki. Wannan ma aikin mai gyaran famfo ne?

A'a, na mai wutar lantarki ne, kuma na yau ne ba gobe ba. A kashe hita da injin ruwa daga babban makunni, kada kowa ya yi wanka a wurin. Galibi abin ɗumama ruwa na cikin hita ne ya fashe wuta ke bin ruwa. A tsofaffin gidaje da yawa, bututun ƙarfen nan shi aka ɗaura wa wayar da ke kai wuta ƙasa. Ranar da aka yanke shi aka sa roba, gidan ya rasa wannan kariya ba tare da kowa ya sani ba. Don haka kafin a cire GI, mai wuta ya bi wayar ya ga inda ta ƙare, ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya mayar da ita can, ya kuma sa wa layin hita makunni mai yanke wuta da kansa in ta zurare, mai miliamfiya 30.